Lafiya Uwar Jiki: Rariyar da ke narkewa a cikin jijiya

 

Akwai wani labarin rasuwa da kunnuwanmu suka saba ji. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, sai bayan mako biyu a ce ta miƙe za ta kewaya, numfashi ya sarƙe mata, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ko kuwa dattijo ya karye, ya yi wata guda a kwance ana ɗori, ranar da ya fara takawa ya yanke jiki ya faɗi. Mukan ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, ajali ba ya jinkiri. Sai dai sau da yawa sanadin gudan jini ne, kuma yakan ba da alama kafin ya yi ɓarna.

Ga yadda abin yake. Jinin da ya gama aikinsa a ƙafafu yana hawa ta wata babbar jijiya a cikin ciki zuwa zuciya, zuciya kuma ta tura shi huhu ya ɗauki iska. Malamin likitancin nan na Musulmi, Ibnu Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1288, ya bayyana wannan ratsawa da jini ke yi ta huhu. Idan mutum ya daɗe bai motsa ba, jini kan daskare a jijiyoyin da ke can cikin ƙafa ko cinya. In gudan ya ɓalle, sai ya bi wannan hanya har ya toshe jijiyar huhu. Likitan Jamus Rudolf Virchow ne ya fayyace haka a tsakiyar ƙarni na 19.

Babban maganin wannan cuta shi ne na tsinka jini, allura ko ƙwaya. To amma akwai waɗanda ba za a iya ba su shi ba, kamar wanda ke zubar da jini ko wanda aka yi wa aiki a ƙwaƙwalwa. Domin irin waɗannan ne aka ƙirƙiro wata ƴar rariya mai siffar lema, ana zura ta da siririn bututu ta jijiyar wuya ko ta gindin cinya, a buɗe ta a cikin babbar jijiyar nan ta ciki. Jini ya wuce, gudan ya maƙale. Likita Kazi Mobin-Uddin, wanda ya yi aiki a Amurka, ya fito da irin tasa a shekarar 1967, sannan ta Lazar Greenfield ta biyo baya a 1973.

Da tafiya ta yi tafiya, sai aka ga ita ma rariyar ƙarfen da nata aibi. Wani bincike da aka yi a Faransa a kan marasa lafiya 400, wanda aka bayyana sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa tana rage toshewar huhu a kwanakin farko, amma daga baya tana ƙara daskarewar jini a ƙafafu, kuma ba ta rage yawan mace-mace ba. A 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce ta samu rahotanni 921 tun daga 2005, na rariyar da ta gusa daga mazauninta, ko ta karye, ko ta huda jijiya. Ta shawarci likitoci su riƙa cire ta da zarar haɗari ya wuce. Amma cirewar wani aiki ne na biyu, kuma da yawa daga cikin marasa lafiya ba sa komawa.

Nan ne masana suka yi tunanin rariyar da ba ta buƙatar cirewa. An saƙa ta da zaren polydioxanone, irin wanda likitoci suka daɗe suna ɗinke cikin mutum da shi bayan tiyata, ya narke da kansa. An tsara ta ne ta riƙe ƙarfinta na kimanin mako 5, lokacin da haɗari ya fi tsanani, sannan ta narke a hankali cikin wasu watanni, jiki ya fitar da ita ta fitsari da numfashi. Bayan gwaji a kan dabbobi, a 2020 aka buga sakamakon gwajin farko a jikin mutane 8. Da yake zaren ba ya fitowa a hoton ƙashi, masu bincike a birnin Houston na Amurka sun gwada cusa masa ƙananan ƙwayoyin zinari domin likita ya iya ganin inda take.

Wannan hikima ta dace da halin da muke ciki, inda mutum kan taso daga ƙauye mai nisa, ya sayar da dabbarsa kafin ya isa babban asibiti, komawa karo na biyu kuwa sai wanda Allah Ya hore wa. Amma kada mu ruɗi kanmu. Mutum 8 ba su isa hujja ba, kuma wannan rariya ba ta zama kayan aikin yau da kullum a asibitoci ba. Ko ranar da ta zama, kaɗan ne za su buƙace ta. Abin da zai fi tsare iyalanmu yana hannunmu tun yau.

Mu san alamun. Ƙafa ɗaya ta kumbura fiye da ƴar uwarta, tana ciwo, tana zafi in an taɓa. Kada a ce sanyi ne a kama tausa da man shanu. A kai asibiti a yi hoton eko a ranar. In kuwa numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji na suka, ko tari ya fito da jini, to ba a jiran wayewar gari.

Iyayenmu mata, makonni 6 na bayan haihuwa, wato kusan kwanakin arba'in ɗin nan namu, su ne mafi haɗari ga maijego, musamman wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri. A hutar da ita daga daka da ɗebo ruwa, amma a bar ta ta riƙa takawa a tsakar gida. Mai jinya da ke kwance a riƙa motsa masa sawu, a ba shi ruwa isasshe. Maniyyata aikin hajji da fatake masu doguwar tafiya a mota, ku sani Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman awa 4 ko fiye a wuri ɗaya kan ninka haɗarin sau biyu. Ku miƙe ku taka a duk zangon da aka tsaya. Wanda ya taɓa samun gudan jini ya ga likita kafin ya kama hanya, wanda kuma aka ɗora a kan maganin tsinka jini kada ya daina don ya ji sauƙi.

Jiki amana ne a wuyanmu, neman magani kuwa ba ya warware tawakkali. Maigida da ya ɗauki iyalinsa zuwa asibiti saboda kumburin ƙafa bai yi gaggawa ba, haƙƙi ya sauke.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.