Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A bayan ƙasa yau babu ƙasar da ta kai Amurka zuba dukiya a kan soja. Cibiyar SIPRI da ke ƙasar Suwidin, wadda aikinta shi ne bin diddigin kuɗin makamai, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 Amurka ta kashe dala biliyan 916 a kan rundunarta, a 2024 kuma dala biliyan 997, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da duniya gaba ɗayanta ta kashe. Da wannan ƙarfi ne take yi wa raunanan al'ummu barazana, da shi ne kuma take ruɗar matasa a fina-finai, har yaro ya ɗauka babu wanda ya kai sojan Amurka gata. To amma a ina kurtun wannan runduna yake kwana? Amsar ba daga bakin maƙiyan Amurka ta fito ba, daga bakin hukumominta ta fito.

A watan Satumba na 2023, ofishin GAO, wanda yake binciken ayyukan gwamnati a madadin Majalisar Dokokin Amurka, ya fitar da rahoto a kan ɗakunan kwanan ƙananan sojoji, bayan jami'ansa sun zagaya sansanoni 10. Abin da suka gani sai wanda ya toshe hanci. Funfuna ta cinye bango da rufi, ƙazantar masai tana malala a banɗaki, famfo yana zubo da ruwa mai launin ƙasa, ga kuɗin cizo da kyankyasai da ɓeraye. Tagogi a farfashe, ƙofofi ba sa kulluwa, na'urorin kashe gobara sun mutu, na sanyaya ɗaki sun tsaya a tsakiyar zafi. A wani sansanin an iske mutanen da ba su da izini sun tare a ɗakunan da babu kowa. Mafi muni, a wani wurin jami'ai da bakinsu suka shaida wa masu binciken cewa idan soja ya kashe kansa a ɗaki, 'yan uwansa sojoji ne ake bar wa aikin wanke abin da ya rage.

Su wane ne ke kwana a waɗannan ɗakuna? Ba janar-janar ba ne. Dubban ɗaruruwan samari ne da 'yan mata masu ƙaramin muƙami waɗanda ba su da aure, da yawansu ba su daɗe da gama sakandare ba. Mai aure ko mai babban muƙami ana ba shi kuɗin haya ya nemi gidan da ya yi masa, shi kuwa kurtu doka ce ta tilasta masa zama a bariki. Ba shi da ikon tashi, ba shi da kuɗin hayar da zai riƙe har a yi gyara, doka kuma ta haramta masa ƙungiyar ƙwadago da yajin aiki. Duk wanda aka ɗaure wa hannu da baki irin haka, to shi ne na ƙarshe a layi ranar rabo.

Haka ɗin kuwa aka yi. Kuɗin gyaran bariki a tukunya ɗaya yake da na gyaran sauran gine-ginen sansani, kuma idan kwamanda ya zo zaɓe tsakanin titin saukar jirgin yaƙi da ɗakin kurtu, an san wanda zai ɗauka. Tun a lissafin 2020 gyare-gyaren da ma'aikatar tsaro ta yi ta ɗagewa a gine-ginenta sun kai na dala biliyan 137. Rahoton ya nuna ma'aikatar ba ta ma san adadin abin da take kashewa a kan ɗakunan kwanan ba, kuma makin da take bai wa gine-ginen ba abin dogaro ba ne, domin an sami ginin da aka rufe saboda bai dace ɗan Adam ya zauna a ciki ba, alhali a takarda makinsa ya haura 90 cikin 100. Wannan ita ce ma'aikatar da tun da aka fara cikakken binciken asusunta a 2018, har zuwa 2024 ba ta tsallake ko sau ɗaya ba.

Kada wani ya ɗauka tsautsayi ne na shekara guda. A watan Fabrairun 2007 jaridar Washington Post ta tona yadda ake ajiye sojojin da suka sami raunuka a Iraƙi da Afganistan a wani gini na asibitin soja na Walter Reed, cikin funfuna da kashin ɓera, abin da ya ci kujerar Sakataren Sojan Ƙasa, Francis Harvey. A 2008 mahaifin wani soja ya watsa hotunan barikin Fort Bragg a intanet, inda aka sauke samarin da suka dawo daga watanni 15 a Afganistan, ana ganin wani ya hau kan abin wanke hannu yana ƙoƙarin buɗe magudana, ƙazanta ta cika ƙasa. Aka yi ta rantse-rantsen gyara. Bayan shekara 14, a 2022, a wannan sansani dai aka kwashe sojoji kusan 1,200 daga gine-ginen da aka yi tun shekarun 1970 saboda funfuna. A watan Afrilun shekarar kuma sojojin ruwa uku na jirgin George Washington suka kashe kansu cikin mako guda. Jirgin yana tashar gyara, amma an bar ƙananan sojoji suna kwana a cikinsa cikin ƙarar injuna dare da rana, har wasu suka gwammace kwana a motocinsu.

To ina kuɗin suke tafiya? Jirgin ruwan yaƙi guda ɗaya, Gerald Ford, ya ci kimanin dala biliyan 13. Haramtacciyar ƙasar Isra'ila tana karɓar dala biliyan 3.8 na makamai duk shekara bisa yarjejeniyar 2016. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar an kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙa, wanda a 2024 aka ce su tattara komatsansu, suka fita suka bar shi. Inda aka miƙa gidajen iyalan sojoji ga 'yan kwangila ma ba ta canza zane ba. A watan Disambar 2021 kamfanin Balfour Beatty Communities ya amsa laifin zamba, cewa ma'aikatansa suna rubuta an yi gyaran da ba a yi ba don a biya su ladan ƙwazo, aka ci shi fiye da dala miliyan 65. A 2025 kuma rahotanni suka bayyana an karkatar da kimanin dala biliyan ɗaya daga kuɗin gyaran gine-ginen sojan ƙasa zuwa aikin tsare iyakar Meziko, kafin daga baya a shekarar a sanar da kafa kwamiti na musamman kan bariki. Kwamiti bayan kwamiti, kurtu yana nan yana shaƙar funfuna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ba wanke sojan Amurka ba ne daga abin da hannunsa ya aikata. Mutanen Falluja da fursunonin Abu Guraib ba za su manta ba, kuma Alƙur'ani bai ware rundunar Fir'auna da Hamana daga laifin iyayen gidansu ba, tekun ma da ya tashi ci bai tambayi muƙamin kowa ba. Abin lura shi ne, tsarin da aka gina a kan zalunci da bautar riba ba shi da amana ko ga hannun da yake duka da shi. A wurinsa makami ya fi mai riƙe da shi daraja, don makami akwai kamfanin da zai ci riba a kansa, shi kuwa ɗan talaka in ya faɗi akwai wani a layi.

Dubi bambanci da tarbiyyar Musulunci. A yaƙin Khandaƙ Manzon Allah (S) da hannunsa mai albarka ya yi haƙa tare da Sahabbai, yunwar da ta sa suka ɗaura dutse a ciki shi ma ta sa ya ɗaura. Imam Ali (AS) a wasiƙarsa ga Malikul Ashtar, lokacin da ya naɗa shi gwamnan Masar, ya hore shi da ya fifita kwamandan da yake taimakon mayaƙansa da abin da ke hannunsa, ya wadata su, su da iyalan da suka bari a gida. A nan jagora ne yake fara ɗanɗana wahala, ba shi ne yake fara cin daɗi ba.

Darasin yana kan matasa. Akwai samarin Afirka da ke mafarkin cin cacar bizar Amurka, wasu har da niyyar shiga soja can, don mai katin zama da ya sa kaki ana gaggauta ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Kallon kitse ne ake yi wa rogo. Wanda bai ji tausayin ɗan cikinsa ba, ba zai ji na baƙo ba. In kuwa haka ɗakin yaran uban gida yake, ba sai an tambayi halin kurata a ƙasashen da suke kwaikwayon tsarinsa ba, duk wanda ya taɓa ratsa layin ƙananan ma'aikata a bariki ya gani da idonsa. Ƙuruciya da ƙarfi amana ce da za a tambayi kowane saurayi a kanta ranar gobe. Wanda ya sayar da su ga azzalumi ya yi asara biyu, nan a bar shi da kuɗin cizo, can kuma a tashe shi tare da wanda ya yi wa aiki. Wanda ya ba da su ga Allah, wajen neman ilimi da sana'ar halal da tsayawa tare da waɗanda ake zalunta, to ya yi ciniki da Wanda ba Ya saɓa alkawari.

Allah Ya ganar da matasan Musulmi gaskiya, Ya ba su ikon bin ta, Ya tsare su daga zama makamin azzalumai. Amin.