Jin Koke Daban, Riƙon Lalita Daban

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, a shekarar 2025 gwamnatin Jihar Katsina ta kira taron jama'a a dukan mazaɓu 361 na jihar, domin a ji abin da talakawa suke so a sa cikin kasafin kuɗin 2026. Da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kai kasafin gaban Majalisar Dokoki a watan Nuwamba, na kuɗi sama da naira biliyan 897, sai aka yi ta shela cewa jama'a ne suka tsara shi da bakinsu. Mu ba mu raina wannan yunƙuri ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma muna cewa, da babbar murya, taron da za a tambayi talaka buƙatarsa, a ɓoye masa yawan kuɗin da ke akwai, kuma a ƙi dawowa a gaya masa inda maganarsa ta kwana, bai wuce zaman jin koke ba, irin wanda kakanninmu suka saba yi a ƙofar hakimi.

Mu ɗauki Tsiga ta Ƙaramar Hukumar Bakori, a tsakiyar ƙasar noma ta Funtuwa da Malumfashi, inda masara da dawa da auduga da waken soya suke fita zuwa kasuwannin ƙasar nan. In ka tara mutanen wannan mazaɓa ka ce su faɗi abin da ke damunsu, ai sai rana ta faɗi ba su gama ba: hanyar da mota za ta bi ta ɗauko amfanin gona, da kwalbati, da taki kafin ruwa ya sauka, da ɗakin shan magani mai magani a ciki, da rufin azuzuwan firamare. Sama da duka akwai tsaro. A garin nan ne 'yan bindiga suka sace Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar 'yan hidimar ƙasa, a watan Fabrairun 2025, bai kuɓuta ba sai a watan Afrilu. In haka ta sami janar, ina labarin manomin da gonarsa take bakin daji?

To, duk waɗannan buƙatu gaskiya ne, kuma kuɗi ba za su ishe su a shekara guda ba. A nan ne mulki yake, watau wajen zaɓen abin da za a fara da wanda zai jira. Idan jama'a suka lissafa buƙatu goma, wani jami'i a Katsina ya zaɓi biyu daga ciki, to jami'in ne ya yi kasafi, jama'a kuwa sun ba shi hujjar cewa da yawunsu ya yi. Kowace kwangila aka ga damar bayarwa, za a same ta a cikin jerin, a ce ai ku kuka roƙa.

Wannan ba sabon wasa ba ne. Kakanninmu sun zuba haraji da jangali a baitulmalin En'e ta Katsina shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa kiransu shawara. A 1975 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, masana suka tsara shi a ofis, aka sauke wa manoma shi a gona. A 1976 gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, a lokacin da Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, yake na biyu a mulkin ƙasa, da alkawarin kawo gwamnati kusa da jama'a. Sakatariya ta matso kusa, lalita ba ta matso ba. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 162, ya sa kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, ciyaman ya zama mai jiran abin da aka sam masa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, amma har 2025 ta ƙare aiwatarwar tana tafiyar hawainiya.

Kada kuma wani ya ce mana tunda Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin muna cikin Jihar Kaduna, talaka ba shi da bakin magana kan kuɗin da ke zuwa daga Abuja. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kason jihohi da na ƙananan hukumomi ya ƙaru ƙwarai. Wa ya biya wannan ƙari? Manomin Tsiga ne, a kuɗin mota zuwa Funtuwa, da man injin ban-ruwa, da dakon kowane buhu. Kuɗinsa ne suka zaga ta Abuja suka dawo, har wa yau ana miƙa masa su kamar sadaka, da maroƙa da masu ɗaukar hoto.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda kowa ya zuba wa kasafin jiha ido, aka manta da na ƙaramar hukuma, alhali kuwa kasuwa da tashar mota da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa duk a wuyanta tsarin mulki ya rataya su. A cikinmu, mu da muke taƙama da boko, mutum nawa ne suka taɓa riƙe kasafin ƙaramar hukumarsu a hannu? Kansila, wanda mazaɓa ta zaɓa musamman don ya binciki wannan takarda, an mai da shi mai zuwa suna da jana'iza. A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyya guda ce ta kwashe kujerun ciyaman 34 da na kansiloli 361. Majalisar da babu ko ɗan hamayya ɗaya a ciki, wa zai tashi ya ce a kawo lissafi?

Ana yawan kawo mana misalin birnin Porto Alegre na ƙasar Barazil, inda aka fara irin wannan tsari a 1989. Sai dai masu kawo misalin sukan tsallake gishirinsa. A can mazauna unguwanni suna jera buƙatunsu daga mafi muhimmanci, su jefa ƙuri'a, su zaɓi wakilan da za su bi aikin, kuma shekara na zagayowa hukuma ta zo gabansu ta yi bayanin abin da ta yi alkawari bara. Duk da haka, da mulkin birnin ya sake hannu sai tsarin ya yi ta rauni, har aka dakatar da tarukan a 2017. Saboda haka muke so Majalisar Dokokin Katsina ta sa taron mazaɓa cikin doka, kada ya zama alherin gwamna guda, ya tafi da abinsa ranar da ya sauka.

Kafin a kira taro na gaba a Tsiga, a rubuta da Hausa, boko da ajami, nawa aka ware wa mazaɓar daga jiha, nawa daga Bakori, a manna a ƙofar dagaci da bakin kasuwa. A fara taron da karanta jerin bara: ga abin da aka yi, ga sunan ɗan kwangila, ga abin da aka bari da dalilinsa. A yi wa mata nasu zama dabam, domin matar da ke ɗebo ruwa ba za ta ɗaga murya a gaban surukinta da mai unguwa ba, a kuma je rugage da wuraren da 'yan gudun hijira suka raɓe. Kada a sa taro tsakiyar damina, lokacin da mai gona yake gona, sai masu zaman jiran ɗan siyasa ne a gari.

Ku kuma ƙananan ma'aikata, ku ne kuke rubuta bayanin taron nan, ku ne kuke buga shi. Ku rubuta jerin yadda jama'a suka jera shi, ko da mai gida ya fi son a ɗora gyaran sakatariya a kan gaba, ku bar wa mazaɓa kwafi. Mu ɗalibai kuwa, hutu mai zuwa kowa ya nufi sakatariyar ƙaramar hukumarsa, da takarda a rubuce, ya nemi kasafin bana a ofishin ma'aji.