Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma: Kira Ga Masu Ɗora Linux a Jos

Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wannan magana ta shafi kwamfuta ma. Ɗalibin da ya kunna na'ura ya tarar da baƙin allo da fararen haruffa suna jiran ya rubuta umarni, to zai ja da baya, ya je yana faɗa wa abokai cewa Linux ta gagarau ce, sai ƙwararru. Ra'ayina shi ne, duk kwamfutar da aka ajiye don ɗalibai a makarantu da shagunan intanet na Jos, a saita ta ta riƙa buɗewa da allon hoto mai neman suna da kalmar sirri.

Me ya sa maganar ta taso? Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irin su ne na hannu da ɗalibi ke iya saya a shagunan Terminus da titin Ahmadu Bello. Ga shi kuma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, kyauta ce, kuma nau'o'inta marasa nauyi irin su Xubuntu da Lubuntu suna tafiya a kan tsohuwar na'ura. Da tsohuwar zuma ake magani.

Gyaran kuwa bai taka kara ya karya ba. A da, a Red Hat, sai a buɗe fayil ɗin /etc/inittab a mayar da lamba 3 zuwa 5, domin 3 na nufin allon rubutu, 5 kuma allon hoto. Yanzu yawancin nau'o'in Linux suna aiki da systemd, don haka layi ɗaya ya isa: sudo systemctl set-default graphical.target. Sharaɗin shi ne a tabbata an ɗora tebur na hoto da manhajar da ke tarbar mai shiga, kamar GDM ko LightDM ko SDDM, kuma an kunna ta. Sai a kashe na'urar a sake tayar da ita.

Wasu za su ce baƙin allo shi ke koya wa yaro ainihin kwamfuta, kuma hoto yana cin ƙwaƙwalwar na'ura. Suna da gaskiya a kan uwar garke, wadda ke aiki a ɗaki a kulle ba mai zama gabanta. Amma mai koyo fa? Ba a fara karatun allo da izu sittin. Kuma allon rubutu bai gudu ba, danna Ctrl da Alt da F3 tare zai fito da shi ga mai buƙata.

Sai dai a yi hattara da wuce gona da iri. Kada a saita na'urar jama'a ta shige kai tsaye ba tare da kalmar sirri ba. Allon shiga shi ne ƙyauren da ke hana wani goge kundin digirin ɗan'uwansa.

Mu ɗaliban Hausa muna da riba ta musamman. A saitin allon madannai na Linux akwai tsarin Nijeriya na Hausa, mai ba da ɓ da ɗ da ƙ ba tare da wahala ba. Amma wanda baƙin allo ya kora tun daga zaure, yaushe zai ga wannan?

Don haka ina kira ga masu kula da ɗakunan kwamfuta, daga Naraguta zuwa Bukuru, su ɓata minti biyar su yi wannan gyara. Allah ya sa mu dace.