Biron gwada ruwa ba ya ganin abin da ke toshe matata

Kwanan nan na ga matasa suna tsoma biron TDS a ruwan leda suna ɗora bidiyon a TikTok: lamba ta sauka, ruwa ya ci jarabawa. Ni ma ina da shi. Sai dai abin da yake aunawa gishiri ne da ma'adanan da suka narke, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa iyakarsu miligiram 500 a lita. Ƙwayar cutar amai da gudawa ba ta motsa lambar ko kaɗan, shi ya sa ruwan burtsatse da ba a tace ba ma yana iya cin wannan jarabawar.

Inda aikin yake shi ne cikin na'urar RO, inda famfo ke matsa ruwa ta wata siririyar fata mai riƙe gishiri da ƙwayoyin cuta. Fatar nan toshewa take yi. Laka da tsatsar ƙarfe daga burtsatse suna like mata. Sinadarin kalsiyam yana daskarewa a kanta irin farin ɓawon da ke cikin tsohuwar butar shayi. Mafi muni shi ne yauƙin da ƙwayoyin cuta ke sakawa idan ruwa ya kwana a ciki, kuma a nan Tsanyawa, da wuta ke tafiya ba sallama, kwanan ruwa a na'ura ba labari ba ne. Kada ka ce a zuba kulorin a huta: kulorin cinye fatar yake yi, shi ya sa ake sa matatar gawayi a gabanta.

Wani mai gidan ruwa ya taɓa ba ni aikin manhajar lissafin ciniki. Yana son ya san kowace jaka da ta fita, amma da na tambaye shi abin da agogon matsin ruwa ya nuna makon jiya, sai ya yi dariya. Ruwa ya ragu, ya ƙara wa famfo ƙarfi, dizal ya ƙaru, yana zagin janareta. Ranar da abin ya ishe shi, abu mafi sauƙi shi ne a kewaye fatar da bututu, mu kuma mu sha.

Masu ƙera fatar sun ce a wanke ta da zarar ruwan da ke fita ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin 100: ruwan tsami ga ɓawo, soda ga yauƙi. Wa zai gane kashi 10 idan ba ya rubutawa? Lambar NAFDAC a jikin leda tana nuna an yi rajista, ba ta faɗin halin da fatar ke ciki yau.

Ra'ayina, masu rubuta manhaja irina mu rage kwaikwayon manhajojin bashi. Gidajen ruwan Kano na buƙatar ƙaramin shafi da ke aiki ba intanet: yaron injin ya shigar da matsi, da litar da ta fita a awa, da lambar biron kowace safiya, waya ta yi ja idan lokacin wanki ya yi. Na mai gidan nan na haɗa shi cikin kwana biyu, kuma har yanzu ina binsa ya sayi agogon matsi na biyu.