Labarin wasanni a salula: wa ya gani da idonsa?

Ranar Talata 7 ga watan Fabrairun 2023 muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu, sai saƙo ya shigo salulata cewa an ciro Christian Atsu da ransa daga ƙarƙashin ginin da ya rufta masa. Kwana ɗaya ke nan da girgizar ƙasar da ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Ban tsaya wata-wata ba, na tura wa wani ƙanena da ke kasuwanci a Kumasi, shi kuma ya watsa a zango, aka yi ta hamdala. Washegari wakilin ɗan wasan ya fito ya ce su fa har yanzu ba su san inda yake ba. Sai ranar 18 ga wata aka gano gawarsa a garin Antakya, yana da shekara 31.

Abin da ya hana ni mantawa shi ne, labarin ba daga wani yaro mai neman mabiya a Facebook ya fito ba. Wani jami'in ƙungiyarsa ta Hatayspor ne ya faɗa, hukumar ƙwallon Gana ta sanar, manyan kafofin duniya suka ɗauka. Kowa ya jingina da na gabansa. A duk wannan dogon layi ba a samu mutum ɗaya da ya ce na je asibiti kaza, na gan shi kwance ba. Ni ne na kusa da ƙarshen layin, kuma ban yi tambayar ba. Mutumin nan yana da mata da ƴaƴa uku. Ku auna yadda suka ji da aka yi masu albishir, sannan aka janye.

Wani zai ce ai wannan bala'i ne, cikin ruɗani kowa na iya kuskure. Na yarda. To amma me za a ce da Masal Bugduv? A farkon 2009 jaridar The Times ta Ingila ta jera matasan ƴan ƙwallo 50 da ake sa ran za su yi fice, ta sa wannan yaro ɗan ƙasar Moldoba a lamba ta 30, har ana cewa Arsenal na zawarcinsa. Ashe babu shi a duniya. Wani ne ya ƙirƙire shi, ya yi ta dasa sunan a shafukan intanet har ya kai ga babbar jarida. A lokacin ma WhatsApp bai shigo hannun mutane ba, balle TikTok. Haka a Afrilun 2022 kafofi da yawa suka kashe dillalin ƴan wasa Mino Raiola kwana biyu kafin ajalinsa ya zo.

Ni a ganina matsalar ba ta rashin ilimi ba ce, ta kuɗi ce da gaggawa. Shafin intanet yana ci ne da yawan waɗanda suka latsa, kuma wanda ya riga kowa shi ke kwashe jama'a. Wanda ya tsaya ya buga waya sau biyu don ya tabbatar, kafin ya gama an wuce wurin. Idan labarin ya fito ƙarya, sai a goge shi cikin dare, babu neman gafara, babu gyara. Da safe a kawo wani “da ɗumi-ɗuminsa”.

Kasuwar musayar ƴan wasa ita ce gonar wannan sana'a. Ku tuna ranar 30 ga Agustan 2024 da Victor Osimhen. Tun safe ake cewa ya tafi Al-Ahli ta Saudiyya, da yamma aka ce a'a, Chelsea ce. A gidajen kallo har an fara rabon lamba. Bayan ƴan kwanaki sai ga shi a Galatasaray a matsayin aro. Ba na ce duk waɗanda suka ruwaito maƙaryata ne ba, don da gaske an yi ciniki ya watse. Amma mai karatu ya kamata ya san cewa yawancin irin wannan labari daga bakin dillali ko shugaban ƙungiya yake fitowa, kuma kowannensu yana da abin da yake so labarin ya yi masa: ya ɗaga farashi, ko ya matsa wa wani lamba. Ɗan jarida a nan sau da yawa ɗan aike ne bai sani ba. Wani kuma ya sani sarai.

Sai caca. Wannan ita ce ta fi damuna, don a nan ne ƙanzon kurege ke shiga aljihu. Ɗan kabu-kabu ya wuni a rana ya tara jika biyu, ya karanta a wani shafi cewa wane ya ji rauni ba zai buga ba, ya zuba kuɗinsa a kan haka. Shafin da ya ba shi labarin, tallar kamfanin caca ce a samansa da ƙasansa. Wa zai kama wa?

Mu dawo gida. Filin wasa na Janar Seyni Kountché ya daɗe bai cika sharuɗɗan hukumar CAF ba, har Mena ta riƙa karɓar baƙinta a Maroko da Togo. A Nuwamban 2024 a Lome muka lallasa Sudan da ci 4 da nema, sannan muka je Akra muka doke Gana 2 da 1. Ƴan jaridarmu nawa ke da kuɗin jirgi da masauki su bi tawaga? Mafi yawa a Yamai suke zaune, suna kallon abin da ni ma nake kallo, suna juya sanarwar hukuma ko rubutun wani shafin Faransanci zuwa Hausa. Wanda aka ɗauka cikin jirgin tawaga kuwa, kunyar wanda ya biya masa kujera ba za ta bar shi ya yi tambaya mai zafi ba. Ba zarginsu nake ba, na san abin da ake biyansu. Amma kada a ce mani wannan shi ne aikin jarida.

Abin mamaki, inda muka fi ƙarfi nan muka fi sakaci. Gasar takobi ta kokowar gargajiya tun 1975 ake yin ta, jihohi takwas na haɗuwa, masu sharhi suna bakin fili, sun san ƴan kokowa da iyayen gidansu da ƙauyukansu. Idan suka ce Issaka Issaka ya kada wane, da idonsu suka gani. Nan gani ya kori ji. Duk da haka, da an tashi daga fili sai saƙonnin murya su fara yawo: an saye wane, alƙali ya yi son kai, an yi wa wane asiri. Maimakon masu shafukanmu su tako su tambayi alƙalin ko ɗan kokowar, wanda yana nan cikin gari ana iya samunsa, sai su liƙa muryar yadda take don ta fi jan mutane. A wasan da kowace jiha ke ganin mutuncinta ne a ciki, wannan wasa da wuta ne. Gasar ƙwallonmu ta cikin gida ma haka: ya fi sauƙi ka ji abin da ya faru a atisayen Real Madrid da ka samu cikakken sakamakon Sahel SC ko AS FAN.

Ba na cikin masu cewa zamanin rediyo ya fi. A da ma ana ƙari, sai dai ba mu da hanyar kamawa. Yanzu kuwa bidiyon wasa yana hannun kowa, wanda ya ce an ci da hannu ana iya mayar masa da hoton. Abin da nake nema wurin abokan aikinmu kaɗan ne: su faɗi inda suka samo labari, su bambanta “an tabbatar” da “ana raɗe-raɗi”, in sun yi kuskure su bar shi a shafi su rubuta gyara a ƙarƙashinsa. Masu gidajen jaridu kuma su daina tura yaro filin wasa babu ko kuɗin mai.

Ni dai tun daga kan Atsu, duk labarin da ya shigo mani sai na nemi sunan wanda ya gani kafin in tura. A fada har sun sa mani suna “sai an tabbatar”, kuma sau da yawa ni ne na ƙarshen jin labari. Ƙanen nan nawa na Kumasi har yau in na aika masa wani abu, amsarsa ɗaya ce: Yaya, wannan karon ka duba?