Kafin a ɗora faifai, a duba shimfiɗarsa

A gidaje da yawa akwai tsofaffin fayafayan garmaho na kakanni, wasu ɗauke da muryar Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya kuma a 2015. Faifai idan ya karce ba ya gyaruwa, kuma ba a kantin unguwa za a sayo wani ba. Shi ya sa nake ganin 'yar shimfiɗar nan da ake sawa tsakanin faifai da farantin da ke juya shi ba abar rainawa ba ce.

Babban faifai yana zagayawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, ƙarami sau 45. Allura na bin siririn layin da ke jikinsa, kuma duk girgizar da ta taso daga inji za ta iya ɗauka, ta fito a lasifika kamar gurnani. Shimfiɗa ce ke rage wannan girgiza, ta riƙe faifan kada ya zame, ta kare bayansa daga ƙarfe.

An fi sanin iri uku: ta ulu, ta roba, da ta ɓawon wani itace da ake samu da yawa a Fotugal. A ra'ayina ta roba ce ta dace da mu. Dalili shi ne hunturu. Mun gani a darasin kimiyya cewa idan aka goga biro a gashi yana jawo guntun takarda. Haka faifai yake jawo ƙura idan iska ta bushe, ulu kuwa ƙara abin yake yi, har ya manne wa faifan. Ƙurar ce ke sa a ji ƙas-ƙas a cikin waƙa. Roba kuwa da ɗanyen tsumma ake goge ta, a bari ta bushe.

Wani zai ce ta ulu ta fi araha, kuma ita masu kiɗa a wurin biki suke so. Gaskiya ne, amma su so suke faifan ya riƙa zamewa a hannunsu. Mu adana shi muke so.

Don Allah kada a yanko kwali ko ƙyallen atamfa a sa. A nemi mai kaurin milimita 2 zuwa 3, domin mai kauri da yawa tana karkata zaman allura. Idan kun koma gida yau, ku nemi izinin Kaka ku ɗaga faifan ku ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Daga 'yar aji biyu, ƙaramar sakandare