Kafin ka turo motar yawon daji daga Turai, ka tambayi makanikin Abalak

Wani sabon yayi ya shigo zaurukan WhatsApp na ƴan uwanmu mazauna Beljiyam, Faransa da Jamus. Sai ka ga an turo hoton doguwar mota mai rufaffen baya, an ƙera mata gado da murhu da ɗan firij a ciki, an kafa farantin hasken rana a samanta, a ƙeyarta kuma an rubuta 4Motion ko AWD. Mai hoton ya ce da ita zai zo hutu, ya zaga da iyali daga Yamai har Iferwan, duk inda dare ya yi a kwana.

Ba na raina wannan buri. Yaron da aka haifa a Buruksel ya cancanci ya ga taron Cure Salée a Ingal, ya ci lemun Timiya a gindin itacensa, ya ga raƙuman dawa a Gadabeji. Abin da nake jin tsoro shi ne gumin shekara biyar ko goma ya ƙare a jingine a bakin wani garaji, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsa. Ra'ayina shi ne, yawancin waɗannan motoci ba don ƙasarmu aka ƙera su ba, kuma haruffan nan uku na AWD suna ruɗar mutane.

A wurinmu duk motar da tayoyinta huɗu ke ja, kat-kat ce. Amma suna suka tara. A Volkswagen Transporter mai 4Motion, alal misali, tayoyin gaba ne ke ɗauke da kusan dukan aikin. Sai sun fara sulɓi ne wani kuloci da kwamfuta ke sarrafawa yake tura ƙarfi zuwa na baya. Dabara ce mai kyau ga mai hawan tudu a kan ƙanƙara, ko mai ratsa ɗan taɓo a bakin gona. A cikin rairayi kuwa sulɓin ba na minti ɗaya ba ne, yana iya kai kilomita da yawa, kulocin yana aiki ba hutu har ya yi zafi. Kat-kat ɗin da direbobin Agadas suka sani tana da ƙaramar giya ta biyu, wadda ke rage gudu ta ninka ƙarfi, mota ta riƙa tafiya kamar raƙumi mai kaya, a hankali amma ba tsayawa. Transporter ba ta da ita. Tsohuwar Mercedes Sprinter 4x4 ana samunta da ita, amma a sabbin fitowa kamfanin ya koma tsarin AWD, ya cire ta. Mai sayarwa a Turai ba lallai ya gaya maka wannan ba, don shi bai taɓa kafewa tsakanin Aderbisinat da Agadas da tsakar rana ba.

Sai nauyi. Lasisin tuƙi na B iyakarsa tan 3.5, kuma motar da aka cika da katako, gado, batura da firij ta kusa kai wannan iyaka tun ba a zuba mata komai ba. Ƙara ruwa lita 200, kilo 200 ke nan. Ƙara jarkokin mai, tayoyin safiya biyu, mutum biyar da kayansu. Ga ta doguwa, ga cikinta kusa da ƙasa. Hanyoyin dajinmu manyan motoci da Land Cruiser ne suka haƙa su, tayoyi na bin ramuka biyu, tsakiya kuma tudu ne. A kan wannan tudun motar za ta zauna da cikinta, tayoyi huɗun suna juyawa a banza.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ke cikin injin. Motocin gazuwal na Turai masu bin ƙa'idar Euro 6 suna da matatar hayaƙi a cikin salansa, yawancinsu kuma suna shan wani ruwa da ake kira AdBlue. An ƙera su ne don gazuwal mai tsabta ƙwarai, wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Wanda ya taɓa tafiya daji ya san ba kullum ake samun gidan mai ba. Wani lokaci daga duro za a tsiyaya maka, da ƙurarsa da ɗan ruwansa. Allurar mai ta irin wannan inji ba ta yafe haka. Matatar hayaƙi takan toshe, kwamfuta ta rage wa mota ƙarfi. Idan kuwa AdBlue ya ƙare, motar za ta yi ta gargaɗi, daga ƙarshe idan ka kashe ta ta ƙi tashi, ko da injinta lafiya lau. Ruwan kansa ba ya son zafi, yana lalacewa idan ya daɗe a rana. Ka tambayi kanka a wane kanti za ka same shi a Tanut.

A nan ne makanikin Abalak ya shigo. Ba shi da na'urar da ake jonawa a karanta laifin mota. Yana da kunne, da sifana, da shekara ashirin yana kwance injin Toyota. Kawo masa Land Cruiser mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, ba turbo ba kwamfuta, zai gane ciwonta tun kafin ka kashe ta, kuma kayan gyaran na kasuwa, sabo ko na hannu. Kawo masa motar da ta kulle kanta saboda wata ƴar na'ura mai girman yatsa ta mutu, sai ya ce Allah ya sawwaƙe. Kayan sai an turo daga Turai. A da ma ana jira, balle da iyakarmu da Benin ta rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan da suka saba bin Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Makonnin hutunka huɗu za su ƙare kana kiran ɗan uwa a waya ya je ya duba maka lambar kaya.

Na san abin da za a ce mini: Land Cruiser da Hilux sun yi tsada, suna da jijjiga, kuma ba su da ɗaki. Gaskiya ne. Akwai ma abin da ya fi haka: su ne motocin da ƴan fashin daji suka fi kwaɗayi. Amma batun ɗaki ni bai dame ni ba. Bature ya lulluɓe motarsa da abin tare sanyi ya sa mata na'urar ɗumama ne don yana kwana cikin dusar ƙanƙara. Mu a watan Afrilu wa zai rufe kansa cikin akwatin ƙarfe? Tabarma, gidan sauro da ƴar rumfa a gefen mota sun ishe mu, sai bargo mai kauri idan Ayar za a hau a Disamba ko Janairu, don sanyin can ba wasa ba ne.

Saboda haka mutum ya fara faɗa wa kansa gaskiya game da inda za shi. Idan tafiyarka Yamai, Dosso, Kwanni, Maraɗi, Damagaram ce, sai ɗan ratse zuwa ƙauye a kan burji, ba ka buƙatar tayoyi huɗu masu ja. Hiace irin wadda ke cike da tashoshinmu, mai jan baya, da tayoyi masu ƙwari, za ta kai ka ta dawo da kai, kuma ko yaron garaji ya san ta. Idan dole sai mota mai ɗaki kuma mai shiga yashi, nemi tsohuwar Sprinter 4x4 ko Mitsubishi Delica mai ƙaramar giya, ka tabbata sitiyarinta na hagu ne, don yawancin Delica daga Japan suke fitowa da sitiyari a dama. Idan kuwa Tenere ko Bilma ke ranka, ka ajiye maganar mota mai gado gaba ɗaya. Can sai Land Cruiser, mota biyu aƙalla, da ɗan jagora wanda ya san rijiyoyi, bayan an tambayi hukumomin tsaro ko hanya na buɗe da kuma ko sai da rakiya.

Kuɗin da ka rage daga firij da katako, ka sa su a famfon hura taya mai aiki da batir, da faranti biyu na fitar da mota daga yashi, da shebur, da igiya mai ƙarfi, da matatar gazuwal ta ƙari. Direbobin arewa kan sace iskar taya kafin su shiga rairayi, su mayar idan sun hau tsandauri, kuma wannan kaɗai yana fitar da mota daga inda AWD ta kasa. Kafin ka biya ko sefa ɗaya a titin Heyvaert, ɗauki hoton injin da takardar motar ka tura wa makanikin garinku. Idan ya ce bai taɓa buɗe irinta ba, ka bar ta a can.